Bill Gates: yadda ya tara dukiyar da yadda yake rabar da ita

Malamar Sakandare ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma a makon jiya, muna cikin bayani kan bambancin ƙarfen kwamfuta da manhajar da ke tafiyar da shi, sai sunan Bill Gates ya faɗo, nan take ajin ya rabu biyu. Wata ɗaliba ta ce shi ne ya ƙirƙiro kwamfuta, kuma bai gama makaranta ba, saboda haka ita ba ta ga dalilin da zai sa a dame ta da jarabawa ba. Wata kuma ta ce a gidansu an shaida mata cewa shi yake turo ɗigon shan inna domin a rage haihuwa a Arewa, shi ya sa ba a taɓa ɗiga wa ƙannenta biyu ba.

Na san magana ta farko ba daidai ba ce, na kuma san ta biyu tana da haɗari, amma da na buɗe baki in yi gyara sai na tarar abin da na sani game da mutumin bai wuce abin da su ma suka sani ba: attajiri ne, shi ya kafa Microsoft, yana ba da taimako. Na ce musu mu bar zancen zuwa mako mai zuwa, kuma duk malami ya san ma'anar wannan ita ce malama za ta je ta nemo amsa.

Abin da nake so masana su warware mini shi ne, wane aiki ne takamaimai ya yi har ya kai wannan matsayi, kuma ta yaya mutum yake kuɗancewa haka da sayar da abin da ba a iya riƙe shi a hannu? Sa'annan me gidauniyarsa take yi a ƙasashenmu, kuma mene ne rabonsa a ciki? Ba yabo nake nema ba, ba kuma suka ba. Ina son abin da zan iya tsayawa a gaban yara sittin in faɗa ba tare da na koma na janye ba.

Tsohon Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba da ladan koyarwa. Zan ɗauki tambayarki ta farko, domin ita ce ta shafi sana'ata.

Bai ƙirƙiro kwamfuta ba, kuma bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro ba. An haife shi a birnin Seattle na Amurka a 1955, mahaifinsa babban lauya ne, mahaifiyarsa kuma tana zama a majalisun gudanarwa na kamfanoni da ƙungiyoyin taimako. Makarantar kuɗi ta Lakeside ya yi, inda a 1968 ƙungiyar iyaye mata ta samar wa ɗalibai na'urar da ake haɗawa da wata babbar kwamfuta ta layin tarho, a zamanin da manyan malaman jami'a da dama ba su taɓa taɓa irinta ba. Yana ɗan shekara 13 ya fara rubuta manhaja, a nan ne kuma ya haɗu da Paul Allen, wanda ya girme shi da shekara biyu. Don haka ki gaya wa ɗalibarki cewa wanda ya bar jami'ar Harvard a 1975 ya riga ya shafe shekara bakwai yana aikin, yana da kwangila a hannu, kuma yana da gidan da zai koma a ci a sha idan abin bai yiwu ba. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun gara ta rungumi littafinta.

Kwangilar kuwa ga yadda ta samu. A Janairun 1975 wata mujallar masu sha'awar lantarki ta buga hoton ƙaramar kwamfuta mai suna Altair 8800, wadda kamfanin MITS na garin Albuquerque yake haɗawa. Gates da Allen suka tuntuɓi kamfanin suka ce suna da manhajar BASIC, wani harshen ba kwamfuta umarni, da za ta yi aiki a kanta, alhali ba su fara rubutawa ba, ko na'urar ma ba su taɓa gani ba. Suka duƙufa na wasu makonni suna gwaji a kan babbar kwamfutar jami'a, wadda Allen ya sa take kwaikwayon Altair, sa'annan Allen ya hau jirgi da manhajar a huje a kan zaren takarda, aka gwada ta yi aiki. A Afrilun wannan shekara suka kafa Microsoft. A Fabrairun 1976 kuma Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu kwafar manhajarsa suna rarraba wa juna kyauta, ya ce musu sata suke yi. A lokacin mutane da yawa suna ganin ƙarfe ake saya, manhaja kuwa ilimi ce da ake musayarta tsakanin abokai, shi kuma ya dage cewa haja ce. Ina jin nauyin faɗar wannan, domin na yi shekaru a shago ina ɗora wa mutane Windows daga faifan sidi guda ɗaya da aka rubuta lambarsa da alƙalamin maka a bayansa, kuma ban taɓa tambayar kaina ko akwai mai shi ba.

Babbar sa'arsa ta zo ne a 1980, lokacin da IBM, wanda shi ne giwar kamfanonin kwamfuta, yake gaggawar fitar da ƙaramar kwamfuta kuma yana neman babbar manhajar da za ta tafiyar da ita. Da farko wajen kamfanin Digital Research na Gary Kildall suka nufa, amma ciniki bai faɗa ba. Microsoft ba shi da irin wannan manhaja, sai ya nemo wadda Tim Paterson ya rubuta a wani ƙaramin kamfani a nan Seattle, ya biya kimanin dala 75,000 gaba ɗaya, ya gyara ta, ta zama MS-DOS. A nan ne amsar tambayarki take, Malama: bai sayar wa IBM manhajar ɗungurungum ba, lasisin amfani kawai ya ba su, ya riƙe haƙƙin sayar wa duk wanda ya ga dama. Ruwa ya sayar musu, rijiyar tana hannunsa. Kwamfutar IBM ta fito a Agustan 1981, ba a jima ba Compaq da wasu kamfanoni suka fara ƙera masu kama da ita, kowanne kuma dole ya biyo ta wajen Gates.

Ɗan kasuwar hatsi, duk buhun da zai sayar sai ya sa kuɗi ya sayo shi, ya biya dako, ya biya sito. Mai manhaja kuwa kwafi na farko ne yake cin kuɗinsa, na biyu da na miliyan ɗaya kusan kyauta suke fito masa. Ki haɗa wannan da cewa masu rubuta ƙananan manhajoji suna rubutawa ne don tsarin da jama'a suka fi amfani da shi, jama'a kuma suna sayen tsarin da ya fi yawan manhajoji, sai ki ga yadda wanda ya riga shiga gaba yake daɗa nisa ko da hajarsa ba ta fi ta kowa kyau ba. Windows na farko ya fito a 1985 bai yi wani armashi ba, sai na uku a 1990 ne ya kama kasuwa, Word da Excel suka bi shi cikin ofisoshi. An fara sayar da hannun jarin kamfanin a Maris na 1986 a kan dala 21 kowanne, shekara guda bayan haka Gates ya zama biloniya yana da shekara 31. Dukiyarsa darajar hannun jarin da ya riƙe ce, ba albashi ba.

Ya shugabanci kamfanin har Janairun 2000, sa'ad da ya miƙa wa Steve Ballmer, ya daina aikin yau da kullum a 2008, ya sauka daga shugabancin majalisar gudanarwa a 2014 lokacin da Satya Nadella ya gaji Ballmer, ya fice daga majalisar baki ɗaya a 2020. Mutum ne da ya iya rubuta manhaja da gaske, amma a ganina inda ya fi sa'o'insa shi ne karanta takardar kwangila, kuma ba mamaki tunda ɗan lauya ne.

Lauya daga Kaduna ya rubuta:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya, sai dai ya tsallake shekarun da suka fi jan hankalin irinmu, wato shekarun shari'a, kuma bai kamata Malama ta shiga aji ba tare da su ba.

Da intanet ya fara yaɗuwa, manhajar shiga intanet ta kamfanin Netscape ce ke kan gaba. Microsoft ya fitar da tasa, Internet Explorer, ya cusa ta cikin Windows kyauta, ya kuma gindaya wa masu ƙera kwamfuta sharuɗɗan da suka sa ba su da sakewar tallata ta abokin hamayya. A Mayun 1998 ma'aikatar shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka shi kotu bisa zargin babakere. An nuna bidiyon tambayoyin da aka yi wa Gates bisa rantsuwa, inda ya yi ta jan magana kan ma'anar kalmomi na yau da kullum yana cewa bai tuna ba, abin da ya zubar masa da ƙima ƙwarai. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya tabbatar da cewa kamfanin ya yi kaka-gida kuma ya yi amfani da ƙarfinsa wajen danne wasu, a Yunin 2000 ya ba da umarnin a raba shi gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin rabawar a 2001, amma ba ta wanke kamfanin daga laifin kare babakerensa ta haramtacciyar hanya ba, daga bisani aka yi sulhu. Tarayyar Turai ma ta ci shi tarar yuro miliyan 497 a 2004. Saboda haka wani kaso na wannan dukiya ya fito ne daga halayyar da kotuna biyu suka ce ta saɓa doka.

A cikin waɗannan shekarun ne, 1999 da 2000, ya zuba biliyoyin daloli a gidauniya, aka haɗe asusun da mahaifinsa yake kula da shi tun 1994 da na samar da kwamfuta a ɗakunan karatu, aka sa wa sabuwar sunansa da na matarsa ta lokacin, Melinda. Akwai masu cewa wankin suna ne. Ni ba na yanke hukunci kan niyya, Allah kaɗai ya san abin da ke cikin zuciya, kuma wanda yake wankin suna kawai da wuya ya shekara 25 yana bibiyar alƙaluman gudawar yara. Damuwata a wani wuri take. Gidauniyar tana kashe sama da dala biliyan 8 a shekara, tana cikin manyan masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya kuɗi, kuma kuɗin nata yawanci ɗaurarre ne, an faɗi abin da za a yi da shi. Na tsawon shekaru amintattunta uku ne kacal, shi da Melinda da attajirin Amurka Warren Buffett, wanda ya yi alƙawarin ba ta mafi yawan dukiyarsa a 2006. Sai bayan Buffett ya sauka a 2021 ne aka ƙara mutanen waje, cikinsu har da Strive Masiyiwa na Zimbabuwe. Minista idan ya yi kuskure ana iya kiransa majalisa, gwamna ana iya kayar da shi a zaɓe, amma idan gidauniya ta zaɓi cuta kaza ta bar cuta kaza, ma'aikatu kuma suka karkata inda kuɗi yake, wa talakan Ɗambatta zai kai wa ƙara?

Hajiya Mai Ritaya ta rubuta:

Salamu alaikum. 'Yata Malama, maganar ɗalibarki ta biyu ce ta sa na kasa yin shiru, domin na yi shekaru ina aikin rigakafi a jihar Kano kafin in ajiye aiki, kuma na ji wannan magana a zaure fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Da farko a gyara tarihi, ba Bill Gates ne ya kawo yaƙi da shan inna ba. Ƙungiyar Rotary ta fara nata shirin tun 1985, aka ƙaddamar da na duniya a 1988, lokacin da cutar take shanye ƙafafun yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A wannan lokacin shi yana can yana sayar da manhaja. Daga baya ya shigo da kuɗi masu yawa, a daidai sa'ad da shirin ya fara gajiya.

Zargin kuma ba daga sama ya faɗo ba, kuma duk wanda ya raina shi ba zai taɓa shawo kan uwa ko ɗaya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75 a 2009. Mutanen Kano ba su manta ba. Da aka zo 2003 ana raɗe-raɗin cewa an gurɓata ɗigon da maganin hana haihuwa, sai Kano da wasu jihohi suka dakatar da shi, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A wannan tsakanin cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, kuma hujjata ni ta ido ce: 'yan matan da na ɗiga wa da hannuna suna goye a bayan iyayensu, yau su ne suke zuwa awo da na uku da na huɗu. Abin da ake jinginawa gare shi kuwa wani jawabi ne da Gates ya yi a 2010, inda ya ce ingantaccen rigakafi da kiwon lafiya za su rage saurin ƙaruwar jama'a. Nufinsa, kamar yadda ya sha bayyanawa, shi ne iyayen da suka tabbata 'ya'yansu za su rayu sukan taƙaita haihuwa da kansu. Gaskiya ne gidauniyar tana ba da kuɗin tazarar haihuwa a fili, kuma mutum yana da damar ya ƙi wannan ra'ayi, amma wannan daban, ɗigo biyu a bakin jariri daban.

Aikin kuwa ga yadda yake. Tun asuba ake ɗaukar maganin a akwatin sanyi da ƙanƙara, kowace kwalba tana da tambarin da yake duhu idan zafi ya taɓa ta, wadda ta yi duhu kuwa ba a amfani da ita. A shiga gida da sallama, a ɗiga wa duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu, a fito a yi rubutu da alli a jikin bango ko ƙofa. Tambayar da ta fi ƙona mini rai, domin gaskiya ce, ita ce ta wata uwa da ta tare ni a bakin ɗaki ta ce, "Hajiya, ɗana yana kwance da zazzaɓi kwana uku, maganin naira ɗari biyu ya gagare ni, amma wannan da ban roƙa ba kuna biyo ni da shi har gado, me ya sa?" Ban sami abin ce mata ba. Sai daga baya aka fara kafa sansanonin lafiya inda ake duba marasa lafiya a ba da maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon, nan da nan ƙofofi suka fara buɗewa.

Rabon Gates a nan shi ne kuɗi da matsin lamba da ƙididdiga. A Fabrairun 2009 ya zo Abuja gwamnoni suka sa hannu kan alƙawarin sa ido da kansu, a shekarar ne kuma sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga aikin, hakimai da dagatai da masu unguwa suka riƙa bin mu gida-gida. A 2012 Najeriya tana da 122 daga cikin 223 na masu cutar a duk duniya. Aka kafa cibiyoyin gaggawa, aka riƙa ba tawaga wayar da take nuna duk inda ta taka, aka zana taswira daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga rugage da ƙauyukan da ba su taɓa shiga lissafin kowa ba. Mu ma'aikata ba mu so wayar nan ba da farko, domin ta tona asirin masu zama gindin bishiya su cike takarda. A 2013 gidauniyarsa da ta Aliko Ɗangote suka fara aiki da yarjejeniya da jihar Kano kan rigakafin yau da kullum, inda kason jiha yake ƙaruwa shekara-shekara, daga baya aka yi irinta da Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe. Wannan tsari na shan inna ne aka juya aka tari Ebola a Legas a 2014. An ga mai cutar ta asali na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Ɗigon da ake ci gaba da yi yanzu saboda wani nau'in ne da yake ɓullowa daga ƙwayar rigakafin da aka raunana, idan ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su samu ba, wato gidaje irin na ɗalibarki.

Ina roƙon ki, idan za ki ambaci sunansa a aji, ki ambaci ma'aikata tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013, yawancinsu mata. Shi ya ba da kuɗinsa, su kuwa rayukansu suka tafi, a kan alawus ɗin da sau da yawa sai an yi makonni ana jira.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Zan ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu na Nijar, tunda kin ambaci sanƙarau. Duk wanda ya girma a nan ya san fargabar da ake shiga idan hunturu ya juya zuwa bazara. A 2001 gidauniyar ta ba da dala miliyan 70 ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH domin a samar da allurar sanƙarau nau'in A da ƙasashenmu za su iya saya. Manyan kamfanonin magani na Turai da Amurka ba su ga riba a ciki ba, sai aka tafi wajen Serum Institute na Indiya, wanda ya yarda ya yi ta a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. A Disambar 2010 aka fara yin allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011, kuma nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin. Wasu nau'o'in, kamar C, sun ci gaba da kisa, don haka ba a gama ba. Amma Barista, wannan cuta ce da gwamnatocinmu suka shekara da shekaru suna kallo, kuma ban ga wanda talaka ya kai ƙara ba a lokacin.

Tsohon Mai Gyaran Kwamfuta ya sake rubutawa:

Ɗan'uwana na Maraɗi ya kawo misalin da nake nema. Ku duba yadda aka yi allurar nan: an fara tsayar da farashi, aka nemo mai iya ƙerawa da yawa, aka tabbatar masa da kasuwa. Haka aka yi da ƙawancen rigakafi na Gavi, wanda gidauniyar ta sa dala miliyan 750 aka kafa shi a 2000, domin a haɗa buƙatar ƙasashe matalauta wuri ɗaya a yi ciniki da murya ɗaya. Wannan tunanin mai manhaja ne tsantsa, a kashe kuɗi sau ɗaya a kan abin da za a iya kwafa sau miliyan, a kuma auna komai da lamba. Ko mutanen da suka fara tafiyar da gidauniyar, Patty Stonesifer da Jeff Raikes bayanta, daga Microsoft suka fito. Shi ya sa nake ganin ba mutum biyu ba ne, mugu a kasuwa da waliyyi a gidauniya. Hali ɗaya ne, da ƙarfinsa da rauninsa.

Raunin yana bayyana inda matsalar ba ta shiga kwalba. A Amurka gidauniyar ta kashe kimanin dala biliyan 2 wajen mayar da manyan makarantun sakandare ƙanana, shi da kansa ya amsa a 2009 cewa da yawansu ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai ba. Shirin noma na AGRA da aka kafa a 2006 tare da gidauniyar Rockefeller shi ma yana shan suka daga ƙungiyoyin manoman Afirka, waɗanda suke cewa ya fi karkata ga sayen iri da takin zamani. Tambayar uwar da ta tare Hajiya ma daga nan ta fito, domin ɗigo ana iya ƙirga shi, asibitin da yake da ma'aikaci da magani da wuta kuwa aikin gwamnati ne na kullum. Kuma a yi masa adalci, ya faɗi haka a gaban shugabanninmu a Abuja a Maris na 2018, inda ya ce tsarin tattalin arzikin gwamnati ya fifita gine-gine a kan lafiya da ilimin jama'a, wasu gwamnoni ba su ji daɗi ba.

Barista, game da tambayarka, wa'adi ya riga ya fito. Melinda ta bar gidauniyar a 2024, a Mayun 2025 kuma ya sanar cewa zai ba da kusan dukkan abin da ya mallaka, gidauniyar ta kashe kimanin dala biliyan 200 cikin shekara 20, ta rufe ranar 31 ga Disambar 2045. Ɗaliban Malama a lokacin suna tsakiyar shekaru talatin da wani abu, da 'ya'yansu a hannu, kuma kuɗin allurar waɗannan yaran daga kasafin Abuja da na Yamai zai fito ko kuwa ba zai fito ba.

Malamar Sakandare ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar raba darasin biyu. Ranar Talata zan rubuta sharaɗin kwangilar 1980 a allo in sa su lissafa da kansu bambancin sayar da manhaja sau ɗaya da karɓar kuɗi a kan kowace kwamfuta, in kuma kawo musu hukuncin kotun da Barista ya ambata. Maganar ɗigon kuwa ba zan yi ta a gaban aji ba, domin yarinyar maganar mahaifinta ta maimaita, kuma ba zan sa ta zaɓi tsakanina da shi a gaban ƙawayenta ba. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a unguwarsu da muke zumunci, zan nemi ta raka ni mu gaida mahaifiyar.

Baba, ko a cikin tarkacen tsohon shagonka akwai faifan MS-DOS na da, irin mai murabba'in nan? Yaran ba su taɓa ganin manhajar da ake riƙewa a hannu ba, kuma ina da wanda yake zuwa Zariya duk Juma'a da zai iya karɓo mini.